Ga Malamin da Aka Damƙa wa 'Yan Sikawut Alhali Bai Taɓa Kwana a Daji Ba

Wani malamin sakandare ne ya rubuto mini daga wani gari a jihar Bauchi. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ni haifaffen cikin birni ne, tun da nake ban taɓa kwana a waje ba sai dai tsakar gida lokacin zafi. Bana aka turo ni wannan makaranta, shugabanmu kuma ya damƙa mini 'yan sikawut, yara 32, saboda malamin da ke riƙe da su ya yi ritaya. Ya ce yana so kafin hutun Disamba in fita da su su yi kwana biyu a sansani. Na ce to, don kunya ta hana ni in ce ban iya ba. Yawancin yaran nan 'yan ƙauye ne, sun fi ni sanin daji nesa ba kusa ba, kullum ina fargabar ranar da za su gane malaminsu ko wutar ice bai iya hurawa ba. Na nemi littattafai a intanet, na tarar da dala ake sayar da su, albashina ba zai ɗauka ba. Bidiyo kuma yana cinye mini data. Abin har barci yake hana ni. Akwai abin da zan karanta kyauta? Ko in je in ce a ba wani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka mayar da aikin. Littattafan da kake nema suna nan, kyauta, kuma ba na sata ba ne. Tsofaffi ne ƙwarai, wasu sun haura shekara 100, marubutansu sun daɗe da barin duniya, haƙƙin mallakarsu ya ƙare, don haka kowa na iya sauke su, ya karanta, ya buga a takarda ya raba wa ɗalibansa ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai zan gaya maka inda zumar nan take da ƙudan da ke harbi, domin akwai.

Wuri biyu za ka je. Na farko Project Gutenberg, ɗakin karatu ne na intanet da wani Ba'amurke, Michael Hart, ya assasa a 1971, yanzu yana da littattafai sama da 70,000. Na biyu Internet Archive, wanda aka kafa a 1996. Bambancinsu ya shafi aljihunka: a Gutenberg an sake tafa rubutun ne, saboda haka littafi ba ya da nauyi, nan da nan yake sauka a waya. A Internet Archive kuwa hoton kowane shafi aka ɗauka, fayil ɗin ya fi girma, gara ka bari sai ka sami data mai rahusa ta dare. Ka rubuta sunan marubuci a wurin bincike, ba rajista ake nema a Gutenberg ba, ba kuma sisin kwabo.

Wanda nake so ka fara da shi ɗan ƙaramin littafi ne mai suna Woodcraft, na George Washington Sears, wanda ke sa hannu da laƙabin Nessmuk. A 1884 ya fito. Na zaɓa maka shi da gangan, saboda mutumin ba ƙaƙƙarfa ba ne, ba kuma mai kuɗi ba. Ɗinkin takalmi ne sana'arsa, ɗan siriri ne, ga rashin lafiya. Amma yana da shekara sama da 60 ya riƙa ratsa tafkunan tsaunukan Adirondack a jihar New York shi kaɗai, cikin ɗan kwalekwalen da nauyinsa bai kai kilo 5 ba. Duk littafin a kan magana ɗaya yake zagayawa: rage kaya. A ganinsa sabon shiga yakan kwashi tarkacen da ba zai taɓa amfani da su ba, ya isa masauki a galabaice, ya tsani daji tun ranar farko. Kayan yankansa uku ne tak, ɗan gatari, wuƙar kube, da 'yar wuƙa mai naɗewa. Yana kuma da wata magana da nake so ka riƙe a ranka kafin ka fita da yaran mutane, cewa ba shan wuya ake zuwa yi daji ba, wuyar da ake sha a gida ta isa, hutawa ake zuwa yi. Malamai da yawa sun ɗauka sansani wurin gasa wa yara aya a hannu ne, a hana su barci, a bar su da yunwa wai don su zama maza. Yaron da aka yi wa haka ba ya sake marmarin fita. Wanda ya ci ya ƙoshi, ya kwana cikin ɗumi, ya tashi ya ga fitowar rana a bayan dutse, shi ne zai dawo baɗi da ƙanensa.

A wurinsa kuma za ka koyi wuta. Yana rarrabe wutar girki da wutar jin ɗumi, abin da sabon shiga ba ya yi. Ta girki ƙarama ce, tsakanin gungume biyu da aka jera kusa da juna, gefe ɗaya ya fi faɗi don babbar tukunya, ɗayan ya tsuke don buta. Kai da ka ga murhun duwatsu uku a gida, nan take za ka gane hikimar.

Na biyu shi ne babban, wanda za ka riƙa komawa gare shi shekara da shekaru: Camping and Woodcraft na Horace Kephart, ka neme shi a Internet Archive. Ya fara fitowa a 1906, daga baya ya faɗaɗa shi ya zama juzu'i biyu a 1916 da 1917. Ka san mece ce sana'ar Kephart kafin nan? Shugaban ɗakin karatu ne a birnin St. Louis. Mutumin takarda ne kamar ka. A 1904, yana da shekara sama da 40, ya koma tsaunukan Smoky a North Carolina, ya zauna cikin mutanen wurin, yana kallo, yana tambaya, yana rubutawa. Shi ya sa littafinsa yake a tsare kamar kantar littattafai: yadda ake zaɓen masauki, tanti, shimfiɗa, tufafi, girki, gatari, ƙulle-ƙullen igiya, sanin hanya. Ba littafin da ake karantawa daga bango zuwa bango ba ne. Ka duba jerin babobi, ka ɗauki abin da kake bukata.

Babi biyu kam kada ka tsallake su. Na farko na zaɓen masauki. Ina yaro na taɓa bin kawuna wata gona mai nisa da gari, muka kwana uku a can lokacin girbi. Da muka isa na yi wuf zan sauke kaya a gindin wata babbar bishiya mai inuwa, ya ce in dakata. Ya zagaya wurin a hankali, ya dubi ƙasa ko akwai hanyar kwarkwasa ko ramin wani abu, ya ɗaga kai ya dubi rassa ko akwai busasshe ko amyar zuma, ya tsaya ya ji inda iska ke fitowa, sannan ya nuna wani ɗan tudu can gefe ya ce nan za mu kwana. Bai yi mini bayanin komai ba. Sai bayan shekaru masu yawa na ci karo da kusan duk waɗannan a littafin Kephart, tudu mai tsane ruwa, nesa da fadama da sauro, nesa da matacciyar bishiya, kusa da ruwa da itace amma ba a bakinsu ba. Ranar na ajiye littafin na daɗe ina tuna kawu, Allah ya jiƙansa. Abin da ya sani a jikinsa, wani ya rubuta shi a wata nahiya.

Babi na biyu shi ne na ɓata a daji. Shawarar Kephart ita ce da zarar ka gane ka ɓata, ka tsaya, ka zauna, ka bar zuciyarka ta kwanta, ka yi wa wurin alamar da za a hango ta kowane gefe, sannan ka fara tunanin inda ka rabu da hanya. A ganinsa firgita ce ke kashe wanda ya ɓata, domin ita ke sa shi gudu yana ƙara nisa. Wannan darasi ka koya wa yaranka tun kafin ku bar makaranta, ka kuma rataya wa kowane shugaban rukuni usur a wuya.

Tunda sikawut aka ba ka, dole ka leƙa tushen abin, wato Scouting for Boys na Robert Baden-Powell, 1908. Kafin ya fitar da shi sai da ya gwada a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila cikin Agustan 1907, da yara kimanin 20 da ya kasa rukuni huɗu. A nan maganin rabin damuwarka yake. Tsarinsa shi ne a raba yara ƙananan rukunoni na shida zuwa takwas, kowanne da shugaba daga cikinsu, a ɗora musu nauyi na gaske. Yaranka 32 rukuni huɗu ke nan. Ba kai za ka hura wutar kowa ba, ba kai za ka kafa rumfar kowa ba. Littafin cike yake da wasannin da ba sa cin ko naira ɗaya. Akwai wanda ake jera ƙananan abubuwa a faifai, a ce goro, ashana, allura, tsakuwa, maɓalli, har wajen 20, a bar yara su kalla na minti ɗaya, a rufe, kowa ya rubuta abin da ya tuna. Akwai bin sawu, akwai kimanta nisa da tsawon bishiya da ido. Da waɗannan kaɗai za ka cika yini biyu.

Don zane-zane kuma, ka sauke Shelters, Shacks, and Shanties na Daniel Carter Beard, 1914. Mai zane ne, ya cika shi da hotuna sama da 300 na bukkoki iri-iri, daga wadda ake yi da ɗan gatari cikin awa guda har gidan gungume. Ka tabbata ka zaɓi fayil mai hotuna, in ba haka ba ka yi asarar data. Ko yaron da Turanci ke ba wuya zai gane shi.

Akwai na biyar da na yi ta jinkirin ambata, The Art of Travel na Francis Galton, 1855. Shi ne ya fi kusa da yanayinmu, don marubucin ya yi tafiya a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya tsakanin 1850 da 1852, saboda haka yana magana a kan neman ruwa a busasshiyar ƙasa, da dabbobin ɗaukar kaya, da kwana a fili. Amma mutumin ya raina baƙar fata raini mai muni, har babi ya ware kan yadda Bature zai juya 'yan ƙasa, kuma shi ne ya raɗa wa aƙidar nan ta tace jinsin mutane suna. Baden-Powell ma sojan mulkin mallaka ne, yana cikin waɗanda suka shiga Kumasi a yaƙin Asante na 1895 zuwa 1896, kuma ƙanshin daular Ingila na tashi a shafukansa da yawa. Ka karanta su da idonka biyu. Kada ka miƙa wa yaro littafin Galton hannu da hannu, kai ka tsamo abin amfani ka ba su.

Yanzu ga ƙudan zumar da na faɗa maka, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sashe sau biyu. Duk abin da littattafan nan suka ce game da magani, ka ɗauka babu shi. Musamman saran maciji. A zamaninsu shawarar ita ce a ɗaure saman wurin tamau, a tsaga, a tsotse dafin. Galton har cewa ya yi in ba a sami abin ƙuna ba a zuba albarushi a raunin a kunna. Likitocin yau sun hana duk wannan. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau, ba a ɓata lokaci wurin dutsen maciji ko jiƙo. A kwantar wa yaro da hankali, a cire zobe ko agogo ko duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya taka, a garzaya asibitin da ke da allurar kashe dafi. A yankinku ba wasa ba ne. Kububuwa tana da yawa a ƙasashen Gombe da Bauchi da Filato da Taraba, dafinta yana hana jini daskarewa, ka ga ke nan tsaga wurin ƙara buɗe wa jini ƙofa ne. Saboda yawan saran ne ma aka yi asibiti na musamman a Kaltungo. Kafin ku fita ka je asibitin da ya fi kusa da ku, ka tambaya ko suna da allurar, ka kuma tanadi mota ko babur da zai kwana tare da ku.

Haka batun ruwa. Wasu daga cikin marubutan nan suna shan ruwan ƙorama kai tsaye. Ku kam ku tafi da ruwanku, ko ku tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya. Kada ka bar yara su shiga kududdufi ko tafkin da ba ya gudu, tsargiya a nan take. Kowa ya zo da gidan sauro. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Sanyin hunturu zai sa wani ya so shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko rufaffen aji, ka hana, hayaƙin gawayi na kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Ga ciyawar Disamba busasshiya ƙayau, ga iska, don haka a share kewayen murhu har sai an ga ƙasa, a kashe wuta da ruwa kafin a kwanta.

Wani abin kuma, dajinsu ba dajinmu ba ne. Za ka ga suna ta ambaton itatuwan da ba ka taɓa gani ba, suna cewa a sari ɗanyun rassa a yi katifa, a kayar da bishiya a yi wutar dare. Ƙasarsu mai dusar ƙanƙara ce da kurmi, tamu kowace bishiya tana da mai ita da amfaninta, hamada kuma na matsowa. Busasshen itacen da ya faɗi da karan dawa sun ishe ku, zana da tabarma da leda mai kauri sun isa rumfa. Za su ce ka nemi tauraron arewa can sama. A Bauchi yana ƙasa-ƙasa ne, kimanin tsawon dunƙulen hannu ɗaya daga inda sama ta haɗu da ƙasa in ka miƙe hannunka, kuma hazon hunturu kan shafe shi gaba ɗaya. Amma iskar hunturun kanta daga arewa maso gabas take busowa, ga kuma fitowar rana da faɗuwarta, waɗanda duk mai neman alƙibla ya saba da su.

To a nan ne nake so mu koma kan kunyar da ke hana ka barci. Malam, abin da kake ɗauka rauninka ne, shi ne arzikin da Allah ya ajiye maka a aji. Kana da yara 32 da suka san wane itace ke ci da wuta ya bar garwashi, kamar ƙirya da marke, da wanda hayaƙi kawai yake yi. Sun san ruwan tumfafiya ba ya shiga ido. Wasunsu sun yi kiwo, sun iya tufka igiya, sun san sawun zomo da na dila. Kai kuma kana da abin da ba su da shi: kana iya karanta tsohon Turanci mai wuya, ka tsara shi, ka san abin da likita ya hana, ka ɗauki nauyin rayukansu. Ka sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ka ja layi a tsakiyar kowane shafi. Hagu ka rubuta abin da Nessmuk ko Kephart ya ce, da Hausa, a taƙaice. Dama ka bar wa yara su cika da yadda ake yi a garinsu. Ka shiga aji ka ce musu, "Wani Bature ya ce ga yadda ake kafa bukka shekara 100 da suka wuce, ku a wajenku yaya ake yi?" Za ka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu a darasin Turanci ba ya miƙe yana bayani. Ba za su raina ka ba. Abin da yara ke rainawa shi ne malamin da ke nuna ya sani alhali sun ga bai sani ba. Kephart da kansa, bayan duk shekarun da ya yi, cewa ya yi makarantar daji ba ta da ranar yaye ɗalibai.

Kada kuma ka tsaya kan yara. A garin nan akwai tsohon maharbi, akwai ardon Fulani, wataƙila akwai dattijon da kakansa ya yi fatauci. Mu fa ba baƙin kwanan daji ba ne. Ayarin fatakenmu sun yi ta tafiyar watanni zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba, kowace yamma a ya da zango, kowace asuba a ɗaura kaya, har unguwannin Hausawa a Gana suka ci sunan Zango. Ka sayi goro ka je ka gaida ɗaya daga cikin dattawan nan, ka roƙe shi ya zo ya zauna da ku a bakin wuta dare ɗaya. Da ɗan gari kan ci gari. Guzurin ma ba sai ka bi jerin abincin gwangwani na littafi ba, ga garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, dakuwa, shinkafa da wake, da kilishi in aljihu ya yarda.

Saura maganar da littattafan nan ba su san da ita ba, wato tsaro. Ni da kai mun san halin da dazuzzukan Arewa da dama ke ciki. Ba wani darasin sikawut da ya kai ran yaro ɗaya. Ka koma wurin shugaban makaranta, ka gaya masa gaskiya cewa wannan ne karonka na farko, kuma kana so sansanin bana ya kasance cikin harabar makaranta, a bayan azuzuwa ko gefen filin ƙwallo, da maigadi, da wani malami na biyu. Kowane uba ya sa hannu a takardar izini. A sanar da mai unguwa ko dagaci da ofishin 'yan sanda. In gari lafiya lau yake, kuma manyan gari sun amince, da rana ku taka zuwa wani dutse ko gona da ke kusa, ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Wutar da aka hura a bayan aji ba ta da bambanci da wadda aka hura a Yankari, taurarin ma su ne dai, Kaza da 'Ya'yanta za su fito muku a sararin Disamba tun farkon dare. Yankarin kuwa ka ajiye ta a ranka, wata shekarar in an sami hali da rakiyar ma'aikatan wurin sai ku je su ga ruwan Wikki.

A makon nan ka sauke Nessmuk, gajere ne, dare uku ya ishe ka. Ranar Asabar ka sami duwatsu uku da 'yan ƙirare a bayan gidanka, ka hura wuta da ashana ɗaya, in ta mutu ka sake, har sai ka dafa shayi a kanta ka sha. Ranar Litinin ka kasa yaran rukuni huɗu, ka bar su su zaɓi shugabanninsu da sunayen dabbobin da suke so a kira su da su, ka buɗe shafin farko na littafin nan mai layi a tsakiya. In kun dawo daga sansanin ka rubuto mini, ina so in ji abin da suka cika a ɓangaren dama. Allah ya tsare ku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.